Tsuntsu daga sama gasasshe: me ya sa kullum sai an kawo wa Harry Potter ɗauki a ƙurarren lokaci?

BabanSadik_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu masu taya ni dubawa.

Yarona shekararsa 10. Malamarsu ta ce karatunsa na Turanci yana da rauni, ta ba ni shawarar in riƙa samo masa littattafan labari. Sai na bi ta Ojuelegba wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, na samo masa Harry Potter na 1 zuwa na 3. Kullum bayan isha'i mukan zauna, ya karanta shafi biyu in karanta biyu, inda ya gagare shi in warware masa da Hausa. Jiya an ɗauke wuta, da fitilar waya muka ƙarasa na biyu, ga zafi ga sauro, amma yaron ya ƙi yarda mu ajiye.

Ga inda muka zo. Harry ɗan shekara 12 yana can ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai, an ɗauke masa sandar tsafinsa, ga ƙaton macijin da ko haɗa ido kuka yi da shi ka mutu. Ba shi da komai a hannu. Kwatsam sai ga tsuntsun shugaban makaranta ya shigo. Ya jefa masa tsohuwar hula, wadda takobi ya fito daga cikinta. Ya tsokale idanun macijin. Da haƙorin macijin ya soki Harry a hannu dafi ya fara bin jikinsa, tsuntsun ya yi hawaye a kan raunin ya warke. Shi ya ɗauko littafin da ran mugun, Tom Riddle, yake ciki ya ajiye masa a cinya. Ƙarshe kuma shi ya ɗauki mutum huɗu ya fitar da su daga ramin. Na ƙirga, aiki biyar tsuntsu ɗaya ya yi.

Da muka rufe littafin yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, to da tsuntsun bai zo ba fa?" Na ce da Harry ya mutu. Ya ce, "Ashe tsuntsun ne jarumin." Wallahi na rasa abin da zan ce masa.

Shin wannan aibi ne a rubutun, ko kuwa haka labarin yara yake dama? Don ina tunanin ko in sayi sauran huɗun ko in bar shi haka.

DanMile12:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ai wannan shi ne tsuntsu daga sama gasasshe, har da yajinsa. Ni ban karanta littafin ba, fim ɗin na gani a waya lokacin da muke jiran motar tumatir daga Arewa. Abin da ka faɗa shi na ji a raina a lokacin, na ce wannan yaro ɗan gata ne.

YarIkorodu:
Baba, da girmamawa, an ɗan zalunci littafin a nan. Ka koma tsakiyarsa, inda aka kai Harry ofishin Dumbledore, shugaban makarantar. A gabansa tsuntsun, Fawkes, ya kama da wuta ya ƙone ya sake fitowa daga toka. A nan Dumbledore ya gaya masa abu uku game da irin wannan tsuntsu: yana ɗaukar kaya masu nauyi, hawayensa magani ne, kuma yana da amana. Duk ukun su ne suka dawo a ƙarshe. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba aka nuna ta. Kuma bayan an gama, Dumbledore ya ce biyayyar da Harry ya nuna masa a cikin ramin ita ta kira tsuntsun. Ka tuna Harry ya tsaya gaban Tom Riddle ya ce ƙarya yake, Dumbledore ya fi shi, alhali ba shi da ko tsinke a hannu. Sannan wa ya cusa takobin a bakin macijin? Wa ya yi tunanin soka haƙorin a cikin littafin? Ba tsuntsu ba ne.

Na karanta duka bakwai ɗin sau biyu, yawanci a cikin BRT daga Ikorodu zuwa TBS, don haka kusan na haddace su.

BabanSadik_Agege:
@YarIkorodu Na gode ƙanwata. Na duba yanzu, haka ne, wurin yana nan, mun wuce shi ban riƙe ba. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. An gaya mana tsuntsun yana iya waɗannan abubuwa, na yarda. Ba a gaya mana abin da zai sa ya san hanyar wani rami da aka shafe shekara 50 ba a buɗe ba, har ya taho da hular da ta dace.

MalamaIdiAraba:
Sallama gare ku. Shekarata 14 ina koyar da 'yan firamare, kuma wannan tambaya ta yaronka, Baban Sadik, ka riƙe ta da kyau, don alama ce ta yaro mai karatu da hankali. Yawancin yara sukan yi murna an tsira, shi ke nan. Shi ya tambayi dalili.

Ni a ganina abubuwa biyu ake haɗawa a nan. Akwai sanar da mai karatu cewa abu yana nan, akwai kuma sa tauraron labari ya yi gumi kafin ya same shi. YarIkorodu ta tabbatar da na farko. Na biyun ne ke damun Baban Sadik. Harry bai shirya zuwan tsuntsun ba, bai ma san zai zo ba, ya shiga rami ne ba tare da wata dabara ba. Da a ce ya tuna abin da aka gaya masa a ofis, ya yi wani abu da gangan don ya kira shi, da ba wanda zai yi ƙorafi.

Amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yana ƙarshen littafi na farko, maganar maki. An raba ɗaliban gida-gida suna gasar maki. An gama shekara, gidan Slytherin ne na ɗaya da maki 472, gidan su Harry na ƙarshe da 312. An riga an ƙawata zauren da tutocin waɗanda suka ci, yara sun zauna suna murna. Sai shugaban makaranta ya miƙe ya ba abokan Harry, Ron 50, Hermione 50, shi Harry 60, aka yi kunnen doki, sannan ya ƙara wa Neville ɗan gidansu 10, aka sauke tutoci a gaban yaran aka ɗora wasu. A matsayina na malama wannan ya yi mini ciwo. Cikin waɗancan akwai 'yan shekara 11 da ba su yi wa kowa laifi ba. In na yi haka a ajina ranar rabon sakamako, akwai yaron da ba zai ƙara yarda da ni ba har ya girma.

YarIkorodu:
Malama, wannan kam ba zan kare shi ba. Ko da yake makin Neville yana da daɗi, don an ba shi ne saboda ya iya tsayawa ya ce wa abokansa a'a. Amma da an ba su kwana ɗaya kafin bikin.

UmmuHanan:
Ni tambayata daban ce. Ya aka yi muka zauna muna tattauna ko tsafin ya yi daidai ko bai yi ba? Littafi ne daga farko har ƙarshe a kan makarantar koyon sihiri. Yaranmu a Legas dama da ƙyar muke riƙe musu Islamiyya, ga waya ga talabijin. Ni ban shigar da shi gidana ba, kuma ba na jin zan shigar.

KawuAlabaRago:
Ummu Hanan ta faɗi abin dubawa. Kowa ya san gidansa.

BabanSadik_Agege:
@UmmuHanan Allah ya saka da alheri, ban raina wannan magana ba, na yi tunaninta kafin in saya. Shi ya sa ba na barinsa ya karanta shi kaɗai. Tun ranar farko na gaya masa wannan tatsuniyar Turawa ce, kamar yadda Gizo ba ya magana a zahiri. Sadik yana zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi da kuma yamma, ya san hukuncin sihiri. Wanda ya ga barin littafin ya fi masa, ban ga laifinsa ba.

HajiyaObalende:
'Ya'yana, jikata ce take rubuta mini, ni faɗa nake yi. Ban san wannan Hari ba, amma na ji ana cewa wai haka labarin yara yake, taimako ya faɗo daga sama. To ba haka namu yake ba.

Ku tuna tatsuniyar ruwan Bagaja yadda kakanninmu suka ba mu. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, aka ce ta je ta wanko kirgi a ruwan Bagaja. Ta yi ta tafiya, duk kogin da ta tarar ta yi masa magana da ladabi, aka yi mata tayin abin daɗi ta ce a ƙoshe take. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, abin da babba ma zai gani ya zura da gudu, ita kuwa ta yi sallama ta durƙusa ta gaishe su, duk abin da aka sa ta ta yi ba ta yi dariya ba. Da za ta tafi aka ba ta ƙwai aka gaya mata inda za ta fasa. Ta bi umarni, dukiya ta fito, ta koma gida a kan doki.

In nan aka tsaya, sai ku ce sa'a ce. Amma tatsuniyar ba ta ƙarewa sai an tura 'yar mowa ta bi hanya ɗaya, ta haɗu da abubuwa iri ɗaya, ta yi rashin kunya, ta fasa nata ƙwan masifa ta fito. An nuna wa yaro ke nan cewa ƙwan ba ruwansa da gata, halinki ne yake fitowa daga ciki. To ku tambayi littafin naku: da wani yaron ne ya shiga ramin, mara biyayya, tsuntsun zai zo? In an nuna ba zai zo ba, labari ya yi. In ba a nuna ba, akwai saura.

MalamaIdiAraba:
Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kin faɗi abin da nake ta kewaye a kai cikin sauƙi. Zan ari wannan ma'auni na 'yar mowa in kai aji.

DalibinAkoka:
Hajiya ta gama magana, ni ƙarin bayani kawai zan yi daga abin da muka karanta a darasin wasan kwaikwayo. Wannan ƙorafi ya girmi kakannin kakanninmu. A tsohuwar Girka, in marubuci ya ƙulla wasa ya kasa kwancewa, akwai wata ƙugiya da ake ɗaga ɗan wasa da ita a sauko da shi daga sama a matsayin ɗaya daga cikin gumakansu, ya zo ya raba gardama. Daga nan aka samo sunan da masana ke kiran abin da shi a Latin, deus ex machina. Aristotal, masanin Girka, ya soki wannan fiye da shekara 2300 da suka wuce, ya ce warwarar labari daga cikin labarin ya kamata ta fito, har ya ba da misali da wasan Medea, inda aka kawo wa matar keken sama ta gudu a ƙarshe.

A Harry Potter kuwa, ni tsuntsun bai dame ni ba kamar na uku da na bakwai. Baban Sadik, ka yi haƙuri zan ɗan ɓata maka. A na uku an ba Hermione, yarinya 'yar shekara 13 sarƙar da ke mayar da lokaci baya don kawai ta samu halartar darussa da yawa. Da ita aka koma baya awa uku aka ceci rai biyu. To a na huɗu an kashe wani ɗalibi, Cedric, ba wanda ya ko ambaci irin wannan sarƙa. Sai a na biyar aka farfasa duk waɗanda ke ma'aikatar sihiri a cikin faɗa. Ita kanta marubuciyar, J.K. Rowling, ta rubuta daga baya cewa ta shiga maganar komawa baya ba tare da ta auna nauyinta ba, shi ya sa ta farfasa su don ta rufe ƙofar. Ka ga mai abu ma ta yarda.

YarIkorodu:
@DalibinAkoka Ɗan'uwa, rabin labarin ka kawo. A tsarin littafi na uku ba a canza abin da ya riga ya faru. Duk abin da suka yi da suka koma baya, dama ya faru tun a zagayen farko, ba su dai gane ba ne. Wanda Harry ya hango a tsallaken tafki ya ɗauka mahaifinsa ne, ashe shi ne da kansa. Cedric kuwa a gaban Harry ya mutu, shi ya ɗauko gawarsa, babu abin da za a koma a gyara. Kuma a bakin tafkin nan Harry ya zauna yana jiran mahaifinsa ya zo ya cece su, har ya gane ba mai zuwa, shi ne zai tashi. In akwai amsar tambayar Sadik a cikin jerin nan, to wannan wurin ne.

DalibinAkoka:
Na karɓi wannan, wurin yana da kyau ƙwarai. To na bakwai fa? Littafin farko ya fito 1997, na ƙarshe 2007. Shekara goma mutane suna jiran yadda yaro zai kayar da Voldemort, matsafin da ya fi kowa. Sai a littafin ƙarshe aka fito da labarin wata sanda da ta fi duk sanduna, da doka cewa tana bin wanda ya ƙwace ta. Draco, ɗalibin da ke gaba da Harry, ya kakkaɓe ta daga hannun Dumbledore a na shida, Harry kuma ya fizge sandar Draco, wata daban, a gidansu, shi ke nan wai babbar sandar ta zama ta Harry ba tare da ya taɓa ta ba. Da ranar wani ne ya fizge, da Voldemort ya ci. Wannan ai kamar a yi shekara bakwai ana shari'ar gona ne, ranar yanke hukunci wani ya zaro takarda daga aljihu wadda ba wanda ya taɓa jin labarinta.

YarIkorodu:
Tun littafin farko mai sayar da sanduna ya ce sanda ce ke zaɓar mai ita. Kuma kafin a zo maganar sanda, Harry ya taka da ƙafarsa ya shiga daji don a kashe shi, bai san zai tashi ba. Wannan ba takardar aljihu ba ce.

DalibinAkoka:
Zaɓar mai ita daban, sauya sheƙa saboda kokawa daban. Shigarsa daji kuwa ban musa ba, ita ce ƙololuwar labarin, da ma a nan aka nemo ƙarshen.

DirebanApapa:
Ku masu boko kuna ta lissafi. Bari in ba ku nawa. Shekara uku da suka wuce motata ta mutu a kan gada wajen ƙarfe ɗaya na dare, waya ba caji, yaron motata ya tafi neman makaniki bai dawo ba. Wanda ya san Legas ya san abin da ake nufi da mota ta mutu maka a kan gada a wannan lokaci. Na hango samari uku suna tahowa, na fara salati. Sai ga wani dattijo Bayarabe ya tsaya da tsohuwar motarsa, ban san shi ba bai san ni ba, ya kunna fitila ya fito ya tsaya tare da ni har suka wuce, ya ba ni wayarsa na kira. Ko sunansa ban tambaya ba saboda ruɗewa. In na rubuta wannan a littafi za ku ce tsuntsu daga sama ne. Amma ya faru. Allah yana kawo mafita ta inda bawa bai zata ba. Me zai hana yaro ya san haka?

KawuAlabaRago:
Allahu Akbar. Direba ka taɓa zuciyata. Duk wanda ya zo Legas da jaka ɗaya yana da irin wannan labari.

MalamaIdiAraba:
Malam Direba, Allah ya saka wa wannan dattijo. Ba mai musun abin da ka faɗa. Sai dai rayuwa Mai ita ne ke tsara ta, ba a tambayarsa dalili. Littafi kuwa mutum ne irinmu ya zauna ya tsara, shi ya haƙa ramin shi ya aiko tsuntsun, don haka muna da damar tambayarsa. Kuma ka lura, a naka labarin ka tura yaro neman makaniki, ka yi iya naka. Hadisin nan na ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali shi muke koya wa yara. Abin da ba na so shi ne yaro ya karanta littafi bakwai ya fito da tunanin cewa shi na musamman ne, ko bai ɗaure ba wani zai ɗaure masa.

AlkalaminFestac:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, don abin ya shafe ni kai tsaye. Ina rubuta littattafan Hausa da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp. Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

A littafina na biyu na gina wata muguwar kishiya har shafi na 60. Na ba ta wayo, na ba ta kuɗi, na ba ta goyon bayan uwar miji. Kullum masu karatu suna turo saƙo, Anti ki ƙara mata wuta, ni kuma ina ƙarawa don ina jin daɗin yadda ake jira. Da na zo rufewa sai na ga na gina katangar da ni kaina ba zan iya tsallakewa ba. Matar da nake so ta yi nasara ba ta da wata hanya. Azumi ya matso, na yi alkawarin gamawa kafin a ga wata. Sai na sa kishiyar ta yi haɗarin mota a hanyar Kaduna, ta yi ikirari a gadon asibiti ta mutu.

Wata baiwar Allah ta turo mini saƙo mai tsawo. Ta ce ita ma a irin wannan gidan take zaune, ta bi littafin wata huɗu tana jiran ta ga yadda mace irinta za ta fita, sai na nuna mata cewa mafita ita ce ta jira wata ta mutu. Na yi kuka a ranar. Tun daga nan ba na fara sakin littafi sai na san yadda zai ƙare, kuma duk abin da zai ceci tauraruwata sai na tabbatar yana hannunta tun kashi ɗaya cikin uku na farko.

Don haka ina tausaya wa duk marubucin da ya saki littafi na ɗaya kafin ya rubuta na bakwai, ba ya iya komawa ya gyara. Amma tausayi bai hana a faɗi gaskiya ba.

DanMile12:
Anti, wannan haɗarin mota ai ya zama gado a finafinanmu. Ko haɗari, ko a gano ashe yaron talakan nan ɗan attajiri ne aka sace shi yana jariri, ko mugu ya haukace ya tona kansa a kasuwa. Tun fim bai kai rabi ba matata take faɗa mini wanda za a yi.

UmmuHanan:
Anti Alƙalami, Allah ya ba ki lada da kika faɗi wannan. Ni har yanzu ina kan bakata game da littafin sihiri, amma na ƙaru. Tambayata, ba mu da namu ne da za a ba yara? Nawa Hausarsu duk ta cakuɗe da Yarbanci da burokin.

DalibinAkoka:
@UmmuHanan Akwai. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku, tun 1937 aka fara fitar da shi. Akwai Ruwan Bagaja nasa na 1934, wanda ya fito daga gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Amma in za mu yi adalci, namu ma ba su tsira ba. Iliya yana zaune ba ya iya tafiya baƙi suka zo suka ba shi ƙarfi. Alhaji na Ruwan Bagaja ma da taimakon aljanu ya kai ga ruwan. Inda na fi jinjina wa Imam shi ne akun Magana Jari Ce: ba shi da ƙarfi ba shi da tsafi, da baki kawai ya riƙe Musa kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, dare bayan dare. Makaminsa ɗaya ne kuma mun san shi tun farko.

HajiyaObalende:
Gizo ma haka. Da hankaki suka ara masa fukafukai ya je cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗamarsa ta sa suka ƙwace abinsu suka bar shi a can. Ba wanda ya zo ɗaukarsa. Da bakinsa da ƙaryarsa ya fita, kuma yaro yana ji ya san Gizo ne ya jawo wa kansa. Ummu Hanan, ki riƙa yi musu tatsuniya da dare ko ta minti goma ce, Hausar za ta dawo. Nawa jikokin a nan Legas aka haife su, amma in na ce ga ta nan ga ta nanku, duk sai su ajiye waya.

YarIkorodu:
Abu ɗaya nake so a sa a ma'auni kafin a yanke wa jerin nan hukunci. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma Harry ya ci gudu. Daga na huɗu zuwa sama taimakon ba kyauta yake zuwa ba. Sirius, aminin mahaifinsa, ya zo cetonsa a na biyar, ya mutu a wurin, kuma kuskuren Harry ne ya jawo. Dobby, wani ɗan aljani abokinsa, ya fitar da su daga gidan da aka tsare su a na bakwai, wuƙa ta same shi, Harry ya haƙa masa kabari da hannunsa ya ƙi amfani da tsafi. Na biyu da Baba ya karanta na ƙananan yara ne, tsuntsu ya zo ya tafi ba a biya komai ba. Littattafan suna girma tare da mai karatunsu.

MalamaIdiAraba:
Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ita ma ta sa ni tunani, wasu ne kullum suke biyan kuɗin. Kuma saboda wannan mace-macen, Baban Sadik, ni zan ce ka dakata da na huɗu zuwa sama har ya kai 12.

BabanSadik_Agege:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Jiya na karanta wa Sadik maganar Hajiya ta 'yar mowa, na tambaye shi: da Draco ne ya shiga ramin, tsuntsun zai zo? Ya ce ba zai zo ba, don Draco ba ya son shugaban makarantar. Na ce to ashe Harry ya yi wani abu. Ya yi tunani ya ce, "Ya yi, amma kaɗan ne, tsuntsun ya fi shi aiki." A nan muka tsaya, ban matsa masa ba.

Mun fara na uku. Mun zo inda Ron yake mamakin jadawalin Hermione, darussa uku duk ƙarfe tara. Sadik ya sa fensir ya ja layi a wurin, ya ce wannan karon ba za a shammace shi ba. Maganar sayen sauran ban yanke ba tukuna. Ɗalibi, a ina zan samu Magana Jari Ce a nan Legas?

DalibinAkoka:
Baba, nawa daga Kano aka taho mini da shi. Ka tambayi masu sayar da littattafan addini a bakin masallacin unguwarku, wani lokaci sukan haɗo da na Hausa, ko ka ba direbobin da ke zuwa Arewa saƙo. @YarIkorodu har yanzu ba ki ba ni amsar sandar Draco ba.

DirebanApapa:
Baban Sadik, ranar Alhamis zan tashi Kano in Allah ya yarda, in dawo sati mai zuwa. Ka turo mini sunan littafin ta akwatin saƙo, duka ukun kake so ko na farko kawai?

YarIkorodu:
@DalibinAkoka Ina kan layin mota yanzu, littafin yana gida. Bari in isa in duba babin da Harry ya yi magana da mai sayar da sanduna bayan mutuwar Dobby, akwai abin da ya faɗa a wurin da nake so in kawo maka daidai yadda yake.